Ƙwayoyin bakteriya masu bijire wa magani a hanjin yara masu ƙoshin lafiya: tambayoyi da amsoshi

Tun daga shekarun 1990, likitoci da masana ƙwayoyin cuta na jami'o'in Florence da Siena a Italiya, tare da ma'aikatan lafiya na ƙasar Bolibiya, suke bibiyar wani lamari a yankin Chako da ke kudu maso gabashin ƙasar. Sukan ɗebi samfurin bayan gida daga yaran da ba su da ciwon komai, su duba irin ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanjinsu, sannan su gwada ko magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna iya kashe su. Abin da suka tarar ya canza yadda ake fahimtar matsalar bijire wa magani a karkara, kuma a kansa aka gina amsoshin da ke biye.

Yaro yana cin abinci, yana wasa, ba shi da zazzaɓi. Ta yaya za a ce yana ɗauke da ƙwayoyin da magani ba ya kashewa?

Hanjin kowane ɗan Adam, babba ko yaro, cike yake da ƙwayoyin bakteriya masu yawan gaske, kuma mafi yawansu ba sa cutarwa. Wasu suna taimakawa wajen narkar da abinci, wasu suna samar da sinadaran da jiki ke buƙata, wasu kuma zamansu kawai yana hana miyagun ƙwayoyi samun wurin kafuwa. Ɗaya daga cikinsu ita ce Escherichia coli, wadda ake taƙaita sunanta da E. coli, kuma wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, shi ne ya fara bayyana ta a 1885 bayan ya same ta a bayan gidan jarirai. Tana shiga hanjin jariri tun kwanakin farko na rayuwarsa, ta zauna tare da shi har tsufa.

Kasancewar ƙwayar tana bijire wa magani bai sa ta fi sauran mugunta ba. Muddin tana zaune a hanji, yaron ba zai ji komai ba, kuma babu wata alama a jikinsa da uwa ko likita za su gani. Bambancin kawai shi ne tana ɗauke da wata ƙwayar halitta, wato wani ɗan yanki na gadon da bakteriya ke miƙa wa zuriyarta, da ke ba ta damar lalata maganin, ko fitar da shi daga jikinta, ko sauya wurin da maganin yake kamawa. Sai ranar da ta bar hanji ta shiga inda bai kamata ba, kamar mafitsara ko jini, ake gane cewa maganin da aka saba bayarwa ba ya aiki.

Jikin yaron ne ya saba da maganin?

A'a. Wannan kuskure ne da ya yaɗu sosai, kuma yana da illa, domin yana sa mutum ya ɗauka cewa wanda bai taɓa shan magani ba ya tsira. Ƙwayar bakteriya ce take bijirewa, ba jikin mutum ba, kuma ƙwaya tana iya tashi daga hanjin wani ta koma hanjin wani. Saboda haka jaririn da bai taɓa ɗanɗana maganin kashe ƙwayoyin cuta ba yana iya ɗauke da ƙwayar da ta bijire wa magunguna huɗu ko biyar.

Me ya sa ake yawan ambaton Bolibiya da Peru a wannan batu?

Domin a can ne aka daɗe ana auna abu guda da hanya guda, shekara bayan shekara, abin da ke ba da damar ganin yadda lamarin yake tafiya. A 2002 an gwada yara 3,174 masu ƙoshin lafiya a garuruwa huɗu: Camiri da Villa Montes a Bolibiya, Yurimaguas da Moyobamba a Peru. An samu E. coli mai bijire wa ampisilin a kashi 95 cikin 100 na yaran, mai bijire wa kotirimokzazol, wato maganin da aka fi sani da Septrin, a kashi 94, mai bijire wa tetirasaikilin a kashi 93, mai bijire wa kuloramfenikol kuma a kashi 70. Kusan yara tara cikin goma suna ɗauke da ƙwayar da ta bijire wa magunguna da dama a lokaci guda.

Tsofaffin magunguna ne waɗannan, masu araha, kuma an daɗe ana shan su ba bisa ƙa'ida ba, don haka wani zai ce ba abin mamaki. Amma sababbin ma ba su tsira ba. A farkon shekarun 1990 ba a samun bijire wa siforofulokzasin a yaran Chako, amma a 2011 an same ta a kashi 44 cikin 100. Bijire wa magungunan dangin seftiriyakzon, allurar da asibitoci suke dogara da ita wajen ciwo mai tsanani, ta tashi daga kashi 0.1 cikin 100 a 2002 zuwa kashi 12.4 a 2011. Cikin shekara tara ke nan ta ninka fiye da sau ɗari.

Ba a Kudancin Amurka kaɗai aka ga haka ba. Tun a 1990 an wallafa wani bincike da ya kwatanta yara masu lafiya a Boston ta Amurka, da Karakas ta Benezuwela, da wani gari a ƙasar Sin, aka ga cewa kusan duk yaran Karakas da na Sin suna ɗauke da E. coli mai bijirewa, yayin da kusan rabin yaran Boston ba su da ita.

Waɗancan garuruwa ne masu shagunan sayar da magani. Me aka samu a ƙauyukan da magani ba ya isa?

Wannan ita ce tambayar da masu binciken suka yi wa kansu, kuma don amsa ta suka je wani ƙauyen ƙabilar Gwarani mai suna Alto Los Zarzos, wanda mota ba ta zuwa sai an yi tafiyar sa'o'i a ƙasa. Mutanen ƙauyen ba su cika hulɗa da waje ba, kuma shan maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikinsu kaɗan ne ƙwarai. An zaci za a tarar da hanjinsu kamar yadda hanjin mutane yake kafin zuwan magungunan zamani. Sakamakon da aka wallafa a 2004 ya nuna cewa kashi 67 cikin 100 na mutanen da aka gwada, manya da yara, suna ɗauke da E. coli mai bijire wa aƙalla magani ɗaya: tetirasaikilin a kashi 64, ampisilin a kashi 58, kotirimokzazol a kashi 50, kuloramfenikol a kashi 41.

Daga baya aka maimaita aikin a Angaiza, wani ƙauye da ke can cikin dajin Amazon a Peru, wanda ya ma fi na farko nisa da gari, kuma aka sake samun bijirewa mai yawa ga waɗannan tsofaffin magunguna. Da aka duba ƙwayoyin halittar da ke haddasa bijirewar a ƙauyen Bolibiya, sai aka ga irin waɗanda ake samu ne a biranen da ake shan magani da yawa. Ma'ana, ba a ƙauyen suka samo asali ba, shigowa suka yi, kuma da suka shigo suka samu hanyar bazuwa.

Idan ba shan magani ne ya kawo su ba, ta wace hanya suke shiga hanjin yaro?

Ta baki suke shiga, daga bayan gida suke fitowa. Wannan ita ce tsohuwar hanyar da kwalara da taifot da shan inna suke bi, kuma ƙwayoyin da ke bijire wa magani ba su buɗe wata sabuwa ba. Duk inda babu masai, ko akwai amma ba ya wadatar da gida, ko ruwan sha yana fitowa daga tafkin da dabbobi suke sha, ko yaro yana rarrafe a tsakar gidan da kaji suke yawo, to ƙwayoyin hanji suna ta yawo tsakanin mutane da dabbobi da ƙasa da ruwa. Yankin Chako wuri ne mai zafi da ƙarancin ruwa na tsawon watanni, iyalai da yawa suna zaune tare da kaji da aladu da awaki da karnuka, kuma samun tsabtataccen ruwa a ƙauyukansa ba abu ne mai sauƙi ba. A irin wannan yanayi, mutum ɗaya da ya kwana a asibitin gari ya dawo, ko kaza ɗaya da aka sayo daga babbar gona, sun isa su shigo da ƙwayar, sauran aikin kuma rashin masai da ruwa ne suke ƙarasa shi.

Akwai hanya ta biyu da ta fi ta farko ban mamaki, kuma a cikin hanjin take faruwa. Ƙwayoyin halittar bijirewa da yawa ba a cikin babban kundin gadon bakteriyar suke ba, suna kan wani ɗan ƙaramin zobe na daban da ake kira filasmid, wanda bakteriya ɗaya take iya kwafa ta miƙa wa maƙwabciyarta, ko da kuwa ba jinsinsu ɗaya ba. Masana a Japan ne suka fara nuna haka a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da suka ga cewa ƙwayar Shigella mai haddasa atini da E. coli suna musayar bijirewa ga magunguna da dama a tashi ɗaya. Wannan ne ya sa hanjin yaro mai lafiya yake zama tamkar kasuwa, inda baƙuwar ƙwaya take shigowa ta karɓi abin da mazauna wurin suke da shi, ta fita da shi. Filasmid ɗaya kuma yakan ɗauki bijirewa ga magunguna uku ko huɗu tare, don haka shan ɗaya daga cikinsu ya isa ya raya dukkansu.

Bai kamata a fahimci wannan a matsayin wanke shan magani barkatai daga laifi ba. Shan magani shi ne yake kashe ƙwayoyin da ba su bijire ba, ya bar fili ga waɗanda suka bijire su hayayyafa. Amma yawan mutanen da za su ɗauki ƙwayar a ƙarshe ya danganta ne da sauƙin da take samu wajen tafiya daga wannan hanji zuwa wancan. Wani nazari da aka wallafa a 2018, wanda ya kwatanta ƙasashe da dama, ya nuna cewa ingancin ruwa da tsabtar muhalli da kyakkyawan shugabanci sun fi yawan maganin da ake sha alaƙa da matakin bijirewa a ƙasa. Ga duk wanda ya karanta sakamakon Alto Los Zarzos, wannan ba sabon labari ba ne.

Mene ne mcr-1, kuma me ya sa binciken 2016 ya tayar da hankalin masana?

Sai an fara da maganin da ake kira kolistin. An gano shi a ƙarshen shekarun 1940, an yi amfani da shi na ɗan lokaci, sannan likitoci suka ajiye shi a shekarun 1970 saboda yana taɓa ƙoda, ga kuma magungunan da suka fi shi sauƙi sun samu. Da ƙwayoyin cuta suka bijire wa kusan duk sauran magunguna, sai aka koma aka ɗauko shi, ya zama abin da ake ba majinyacin da ke ɗakin kulawa ta musamman idan komai ya ƙi. A tsakanin nan kuwa, da yake likitocin mutane sun yi watsi da shi, masu kiwo a ƙasashe da yawa sun yi shekaru suna zuba shi cikin abincin aladu da kaji don su yi saurin girma.

A watan Nuwamban 2015 masana a ƙasar Sin suka ba da sanarwar gano wata ƙwayar halitta, mcr-1, a E. coli da aka samu daga aladu da naman kasuwa da kuma wasu majinyata. An san bijire wa kolistin kafin lokacin, amma wannan ne karo na farko da aka same ta a kan filasmid, wato a sifar da za ta iya tsallakawa daga bakteriya zuwa bakteriya. Cikin watanni kaɗan aka yi ta gano ta a nahiyoyi daban-daban.

A watannin Satumba da Oktoba na 2016 aka gwada yara 'yan makaranta 337 masu ƙoshin lafiya a ƙauyuka takwas na Chako, aka samu yara 129, wato kashi 38.3 cikin 100, suna ɗauke da ƙwayoyin hanji masu mcr-1, kusan dukkansu E. coli. Ƙasa da shekara ɗaya ke nan bayan duniya ta san da wanzuwar wannan ƙwayar halitta. Kolistin ba maganin da ake ba yaran ƙauye ba ne, ba a kuma sayar da shi don zazzaɓi ko gudawa, amma ga fiye da yaro ɗaya cikin uku yana ɗauke da abin da ke karya shi. Ƙwayoyin da aka samu kuma ba zuriya ɗaya ba ne, iri-iri ne, abin da ke nuna cewa mcr-1 ta riga ta bazu cikin ƙwayoyin yankin, ba ɓarkewar wata ƙwaya guda ce aka ci karo da ita ba.

Ke nan dabbobi ne tushen matsalar?

A batun kolistin, zargi mafi ƙarfi yana kan kiwo, domin a can ne ake amfani da maganin da yawa, kuma a lokacin binciken ana samunsa don dabbobi a Bolibiya ba tare da wani takunkumi ba. Amma ba a iya nuna cewa wannan kazar ce ta ba wancan yaron ba, kuma tafiyar ba ta fuska ɗaya ba ce: dabba tana ɗauka daga bayan gidan mutum kamar yadda mutum yake ɗauka daga kashinta. Ƙasar Sin ta haramta zuba kolistin cikin abincin dabbobi don ƙara girma a 2017, Indiya ta haramta amfani da shi ga dabbobin da ake ci a 2019.

Wasu suna cewa bijirewa ta girmi magungunan kansu. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da yawa daga halittun da ke cikin ƙasa aka samo su, kuma waɗannan halittu sun daɗe suna kare kansu daga juna. A 2011 an wallafa gano ƙwayoyin halittar bijirewa a daskararriyar ƙasar yankin Yukon na Kanada, wadda ta kai shekara 30,000. A 2015 kuma an ba da rahoton samun irinsu a jikin mutanen wani ƙauyen ƙabilar Yanomami a Benezuwela, waɗanda ba a san sun yi hulɗa da mutanen waje ba kafin 2009. Sai dai akwai bambanci mai muhimmanci: E. coli ɗin da aka samo daga waɗannan mutane duk magungunan da aka gwada sun kashe ta. Abin da ake gani a Chako, inda ƙwayar take girma a gaban maganin ba tare da ya taɓa ta ba, sakamakon shekarun da aka yi ana amfani da magungunan ne.

Wane haɗari ke tattare da yaron da ke ɗauke da su?

Mafi yawan irin waɗannan yara ba za su taɓa yin ciwo saboda ƙwayar ba, kuma ɗaukar ba ta dindindin ba ce, domin mazauna hanji suna sauyawa cikin makonni ko watanni. Haɗarin yana zuwa ne idan ƙwayar ta samu hanya. Yawancin cututtukan mafitsara daga E. coli ɗin hanjin mai ciwon suke tasowa, musamman ga 'yan mata. Jariri sabon haihuwa yana iya ɗaukar ta daga uwarsa ta shiga jininsa. Yaron da tamowa ta kama kuwa bangon hanjinsa yakan yi rauni, garkuwar jikinsa ta ragu, ƙwayoyin hanji su samu damar shiga jini. A ƙauye babu ɗakin gwaje-gwajen da zai faɗi wane magani ne zai yi aiki, don haka ma'aikacin lafiya yana bayar da wanda aka saba ne, idan kuma ƙwayar ta bijire masa, kwana biyu ko uku da za a ɓata kafin a gane suna iya zama sanadin rasa yaron.

Babban ƙiyasin da aka wallafa a 2022 ya ce a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye sakamakon ƙwayoyin bakteriya masu bijire wa magani, kusan ɗaya cikin biyar yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. E. coli ce kan gaba a jerin ƙwayoyin, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a, da mutum 27.3 cikin kowane 100,000.

Idan aka ce kashi 95 cikin 100, ana nufin maganin ba zai yi wa yara 95 cikin 100 aiki ba?

Ba haka ake karanta alƙaluman ba, kuma a nan ne rahotanni da yawa suke zarce gona da iri. Hanyar da aka bi a Chako ita ce a ɗebi samfuri da tsinken auduga, a shafa a faranti mai abincin da ƙwayoyin hanji ke girma a kai, a ɗora ƙananan faifan magani, a duba ko wani abu zai tsiro kusa da su. Wannan hanya tana gano ƙwaya mai bijirewa ko da kuwa 'yar kaɗan ce cikin tarin waɗanda ba su bijire ba. Adadin yana nuna yawan yaran da ke ɗauke da ita ne, ba yawan cututtukan da magani zai kasa warkarwa ba. Haka kuma E. coli ta bijire wa ampisilin ba ya nufin cewa amoksisilin ya daina warkar da ciwon huhu, domin ƙwayar da ta fi haddasa ciwon huhu daban ce. Amfanin irin wannan awo shi ne yana nuna abin da ke tafe: bijirewar da aka gani a hanjin masu lafiya yau, ita ce za a gani a fitsari da jinin majinyata gobe.

Ya kamata a ba yaron magani don a wanke masa hanji daga waɗannan ƙwayoyi?

Ba a yin haka. Duk maganin da aka bayar zai fara kashe ƙwayoyin da ba su bijire ba, wato waɗanda suke takura wa masu bijirewa, don haka sakamakon zai zama akasin abin da ake nema. Ba a kuma gwada yaro mai lafiya don neman su, sai a aikin bincike, ko a wasu asibitoci lokacin kwantar da majinyaci.

Shin an yi irin wannan awo a ƙasashenmu?

An yi, kuma wasu daga cikin muhimman binciken duniya a kan wannan batu a Jamhuriyar Nijar aka gudanar da su. A wata cibiyar kula da yara masu tamowa a Maraɗi, wani bincike da aka wallafa a 2011 ya samu kashi 31 cikin 100 na yaran suna ɗauke da ƙwayoyin hanji masu karya magungunan dangin seftiriyakzon tun ranar da aka kawo su, kuma kusan duk waɗanda suka zo babu su, aka sake gwada su lokacin sallama, sun ɗauke su kafin su koma gida. Waɗannan ba yara masu lafiya ba ne, amma ƙauyuka suke komawa.

Bincike na biyu ya fi wuyar yanke hukunci. A gwajin da ake kira MORDOR, an riƙa raba wa yara 'yan wata 1 zuwa 59 maganin azitromaisin sau biyu a shekara, ko suna ciwo ko ba sa ciwo, a Nijar da Malawi da Tanzaniya. A Nijar an yi aikin a Boboye da Loga cikin jihar Dosso. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna raguwar mutuwar yara da kashi 13.5 cikin 100 a ƙasashen uku gaba ɗaya, da kashi 18.1 a Nijar. Amma da aka bibiyi hanjin yaran bayan shekara uku zuwa huɗu, ƙwayoyin halittar bijire wa dangin azitromaisin sun ninka kusan sau bakwai a ƙauyukan da aka raba maganin idan aka kwatanta da waɗanda ba a raba ba. Babu wanda zai ce wa uwar da ɗanta ya rayu wannan ciniki bai yi riba ba, kuma babu mai gaskiyar da zai ce kyauta aka same shi. Shi ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙi amincewa da rabon maganin a ko'ina, ta ce a duba yiwuwar yinsa ga jarirai 'yan wata 1 zuwa 11 a yankunan Afirka kudu da Sahara inda mutuwar yara ta yi yawa ƙwarai, kuma da sharaɗin ana auna bijirewa a kai a kai.

Idan aka daina amfani da magani, bijirewar tana gushewa?

Wani lokaci tana raguwa, wani lokaci kuma ba ta motsi. Bayan haramcin da ƙasar Sin ta yi wa kolistin, yawan mutanen da ke ɗauke da E. coli mai mcr-1 ya sauka daga kusan kashi 14 cikin 100 a 2016 zuwa kusan kashi 6 a 2019. A Birtaniya kuwa an taƙaita rubuta kotirimokzazol sosai daga 1995, amma bayan shekaru bijirewar E. coli ga dangin maganin ba ta ragu ba. Dalilin shi ne wanda aka ambata a baya: ƙwayar halittar tana kan filasmid ɗaya da wasu, kuma muddin ana shan ɗaya daga cikin sauran magungunan, tana tafiya tare da su. Sakamakon Alto Los Zarzos ma ya nuna cewa ƙwayar da ta bijire tana iya zama daram a inda shan maganin kaɗan ne ƙwarai.

Me iyaye da masu kula da yara a karkara za su iya yi?

Abu na farko ya shafi gudawa, domin ita ce babbar ƙofar da maganin kashe ƙwayoyin cuta yake shiga cikin yara ba tare da buƙata ba. Mafi yawan gudawa mai ruwa ga ƙananan yara ƙwayoyin bairos ne suke kawo ta, irin su rota, kuma maganin bakteriya ba ya taɓa su. Abin da yaron yake buƙata shi ne ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da nono da abinci. Ana bayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta ne idan akwai jini a bayan gidan, ko ana zargin kwalara, ko ma'aikacin lafiya ya ga wata cuta tare da gudawar. Al'adar zuwa kemis a karɓo Flagyl da Septrin, ko a fasa kafso a dama wa yaro saboda zawon haƙori, ba ta rage kwanakin ciwon, tana dai sauya mazauna hanjinsa. Haka lamarin yake ga mura da tarin da ba su zo da saurin numfashi ba.

Wannan ba kira ba ne ga guje wa magani. A karkarar Afirka yaran da suke mutuwa saboda rashin samun amoksisilin a kan lokaci, alhali ciwon huhu ya kama su, suna da yawa ƙwarai. Yaron da ke numfashi da sauri, ko ƙirjinsa yana lotsawa, ko ya kasa shan nono, asibiti za a kai shi nan take, a kuma ba shi maganin daidai yadda aka rubuta, ba tare da an rage wa ƙaninsa saura ba.

Sauran matakan duk na toshe hanyar da ke tsakanin bayan gida da baki ne. A zubar da bayan gidan jariri a masai, domin ƙwayoyin da ke cikinsa ba su gaza na babba ba. A wanke hannu da sabulu bayan tsarki da kafin ba yaro abinci. A rufe randar ruwan sha, a ware mata moɗa guda da hannu ba ya nutsewa da ita. A raba wurin kwanan kaji da awaki da inda yaro yake rarrafe, a share kashinsu kullum. A ba jariri nono zalla har wata shida, a kuma kammala masa rigakafi, har da na rota, wanda Nijar ta saka cikin jadawalinta a 2014, Najeriya kuma a 2022, domin duk ciwon da rigakafi ya hana, ya hana maganin da za a sha dominsa. Masu kiwon kaji kuma su bar zuba magani cikin ruwan shan kajin da ba su da ciwo, idan kuma an yi wa dabba magani, a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar kafin a yanka ta ko a sayar da ƙwanta da madararta.